Tsare Ƙofar Gareji Daga Ɓarayi: Tambayoyi da Amsoshi

Mutum zai kashe kuɗi ya sa wa ƙofar falo kulle biyu ko uku, amma ƙofar da ta fi kowace girma a gidan, wato ta gareji, ya bar ta da kullen da ta zo da shi tun ranar da aka kafa ta. Ga tambayoyin da masu gida suka fi yi kan wannan ƙofa.

Me ɓarawo yake nema a gareji?

Da farko kayan da ke ciki: mota, babur, keke, janareta, kayan aiki masu tsada waɗanda ke da sauƙin sayarwa. Sai kuma abin da ya fi damuna, wato mafaka. Ɓarawon da ke ƙoƙarin ɓalle ƙofar gaba yana tsaye ne a fili, duk mai wucewa zai gan shi. Wanda ya shiga gareji kuwa ya sauke ƙofa a bayansa, ya samu ɗaki da inuwa da lokaci. Idan garejin a haɗe yake da gida, ƙofa ɗaya ce kawai ta rage tsakaninsa da iyalinka, kuma guduma da zarto da tsanin da zai yi aiki da su naka ne, kai ka ajiye masa su a wurin.

Yawancin masu wannan ɗanyen aiki ba gwanayen fasaha ba ne. Sauƙi suke bi, ba sa son hayaniya, ba sa son daɗewa. Duk abin da za ka yi a kan ƙofar nan, manufarsa ita ce ka sa shiga ta zama mai cin lokaci da ƙara, har mutum ya ga gara ya haƙura.

Wace irin ƙofa ce ta fi wuyar fasawa?

Ƙofofin gareji sun kasu kusan biyar. Akwai mai faifai-faifai da ke hawa kan layin ƙarfe ta kwanta a ƙarƙashin rufi, akwai mai naɗewa sama, akwai mai falle ɗaya da ake ɗagawa gaba ɗayanta, akwai mai ganye biyu da ke buɗewa gefe da gefe, sai kuma wadda ake turawa gefe a kan taya.

Mai falle ɗaya, musamman tsohuwa, ita ce ta fi rauni. Sau da yawa a wuri ɗaya take kamawa, ƙarfenta siriri ne, kuma ana iya lanƙwasa kusurwarta ta ƙasa. Mai faifai da mai naɗewa sun fi ta, muddin an kafa su da kyau. Amma kada nau'in ƙofa ya ruɗe ka. Ƙofa mai kauri da aka ɗaure layinta da 'yan gajerun kusoshi a jikin ruɓaɓɓen katako ba ta fi siririya ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka duba firam ɗin, ka duba inda ƙarfe ya haɗu da bango, ka kama ƙofar da hannu biyu ka girgiza ka ga ko tana wasa.

Wanda zai sayi sabuwa yana iya tambayar ko an gwada ta a hannun wata hukuma mai zaman kanta. A Ingila, alal misali, akwai ma'aunin LPS 1175 na gwajin juriyar ƙofa ga masu ɓallewa, da kuma shirin 'yan sanda mai suna Secured by Design.

Ƙofata da inji take buɗewa. Ai injin ya isa kulle, ko?

Yana riƙe ƙofa, gaskiya ne. Idan ta sauka, hannun injin yana tokare ta, ba ta ɗaguwa da ƙarfin mutum. Matsalar tana wurin jar igiyar nan da ke reto daga layin injin a tsakiyar rufi.

Aikin igiyar shi ne raba ƙofa da inji. Idan wuta ta ɗauke ko injin ya lalace, sai ka ja ta, ƙofar ta saku, ka ɗaga da hannu. To abin da ke sakin ƙofa gare ka daga ciki, shi ne ke sakinta ga wanda ya iya kaiwa gare shi daga waje. Sananniyar dabara ce a zura doguwar waya mai lanƙwasa ta 'yar kafar da ke saman ƙofa, a kamo igiyar ko ɗan hannun da take rataye a jiki. Ba ya ɗaukar lokaci, ba ya ƙara, ba ya barin alamar ɓalle. Idan ƙofar tana da gilashi a samanta, aikin ya ƙara sauƙi, domin mai yi yana ganin abin da hannunsa ke nema.

Maganin da na fi yarda da shi shi ne garkuwa. Wani ɗan faranti ne na ƙarfe ko roba mai tauri da ake ɗaurawa tsakanin saman ƙofa da wurin sakin, ya tare duk wayar da aka zuro, amma bai hana ka jan igiya daga ciki ba. Bayan shi, a gyara robar da ke toshe bakin ƙofa ta sama, a kuma daidaita injin yadda idan ƙofa ta sauka za ta matse sosai, ba a iya tura samanta ciki. Mariƙin da ke bakin igiyar ma yana ba ƙugiya wurin kamawa, don haka wasu ke canza shi da wanda ba shi da kafaɗa.

Me zai hana in yanke igiyar gaba ɗaya, ko in ɗaure wurin sakin tamau?

Kada ka yi. A nan ba na sassautawa.

Za ka ga masu ba da shawarar a ɗaure ɗan hannun da zaren roba mai haƙori, wai idan aka ja da ƙarfi zai tsinke. Ƙarfin wa? Kai magidanci mai jini a jika wataƙila ka tsinka shi. Mahaifiyarka fa, ko ɗanka mai shekara goma, cikin duhu, ga hayaƙi, ga firgici? A gobarar dajin da aka yi a jihar Kalifoniya ta Amurka a 2017, an rasa rayukan mutanen da suka kasa buɗe garejinsu bayan wuta ta ɗauke. Abin da ya sa jihar ta kafa doka ke nan, daga 1 ga Yuli 2019 duk injin ƙofar gareji da za a sayar ko a kafa a gidan zama dole ya zo da batir na ko-ta-kwana. Waɗannan mutane ba ɓarawo ya tare su ba, ƙofarsu ce ta ƙi buɗewa.

Saboda haka duk wata dabarar tsaro, ka yi mata tambaya ɗaya kafin ka amince da ita: mafi rauni a gidan nan zai iya buɗe ƙofar daga ciki ba tare da neman almakashi ko mabuɗi ba? Idan amsar a'a ce, ka nemi wata dabarar. Kuma ka tara mutanen gida ka nuna musu yadda ake jan igiyar, kowa ya gwada da hannunsa, amma ƙofa tana rufe. Idan aka ja tana sama kuma sifirin ɗinta, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗaukar nauyinta, ya yi rauni, tana iya faɗowa da dukan nauyinta.

Da gaske ne ana iya satar lambar rimot?

Ya danganta da shekarun injin. Tsofaffin rimot lamba ɗaya suke aikawa kullum. Idan ka buɗe bayansu za ka ga jerin 'yan maɓallai ƙanana, galibi 8 zuwa 12, waɗanda ake turawa sama ko ƙasa. Mai maɓalli 8 lambobi 256 kacal yake da su, mai 12 kuma 4,096. Wannan ba komai ba ne a wurin na'ura. A 2015 wani mai binciken tsaro, Samy Kamkar, ya sauya wata na'urar wasan yara ya nuna tana iya gwada dukan lambobin irin waɗannan ƙofofi cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Tun tsakiyar shekarun 1990 kamfanoni suka fara komawa ga lamba mai sauyawa. Duk lokacin da ka danna, rimot da injin sai su tsallaka zuwa sabuwar lamba, tsohuwar ta mutu, ko an naɗe ta ba ta da amfani. Shi ma wannan tsari masu bincike sun nuna ana iya yi masa wayo da kayan aiki na musamman, sai dai ba abin da ɓarawon da ke neman sauƙi zai tsaya yi ba ne.

Ka buɗe rimot ɗinka ka duba. In ka ga jerin maɓallan nan, lokacin canji ya yi. Ana iya sa wa tsohon inji sabuwar na'urar karɓar saƙo mai lamba mai sauyawa, amma in injin ya tsufa har ba shi da idanun nan biyu da ke ƙasa kusa da daɓe, masu mayar da ƙofa sama idan yaro ko dabba ta gitta, to gara a sauya shi ɗungurungum. A Amurka tun 1993 doka ta wajabta irin wannan kariya a sababbin injuna.

A ina ya kamata in ajiye rimot?

Ba a cikin motar da ke kwana a waje ba, ba kuma a maƙale a saman gilashin gaba inda kowa ke gani ba. Rimot mabuɗin gida ne. Wanda ya fasa motarka a wurin aiki ya ɗauke shi, ya kuma ga adireshinka a takardun da ke cikin motar, ya san gidan, ya san ba ka nan, ga mabuɗi a hannunsa. Ka sayi ƙarami wanda ake haɗawa da makullai ya zauna a aljihunka.

Rimot ɗaya ya ɓace, ko kuma na tare a gidan da wasu suka zauna. Me zan yi?

Ka goge duk rimot ɗin da injin ya sani, ka sake koya masa waɗanda ke hannunka kawai. A jikin yawancin injuna akwai maɓalli na wannan aiki, ana danne shi na wasu daƙiƙoƙi har fitilarsa ta mutu, takardar injin za ta nuna maka. Kada ka manta da allon lambobi da ke waje, ka canza lambarsa, kada ka sa shekarar haihuwa ko lambar gida. Motar da ka sayar ma, in tana da maɓallin buɗe gareji a jikinta, a goge shi kafin ta bar hannunka.

Ƙofata ba ta da inji. Wane kwaɗo zan saya?

Mutane sukan auna kwaɗo da nauyinsa a hannu, alhali ba nan ƙarfinsa yake ba. Ka dubi wuyansa, wato ƙarfen nan mai lanƙwasa. Shi ake yankewa. Ka nemi wanda wuyansa taurararren ƙarfe ne, mai kauri, kuma jikin kwaɗon ya rufe shi ta gefe biyu yadda bakin almakashin ƙarfe ba zai samu wurin cizo ba. Dogon wuya sauƙi ne ga mai yanka da mai murɗewa. A Turai ana auna kwaɗo da ma'aunin EN 12320, daga mataki na 1 zuwa na 6. Ga gareji mai kaya masu daraja, daga mataki na 4 zuwa sama ya fi dacewa.

Sai dai kwaɗo rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne ƙarfen da aka rataya shi a jiki. Me amfanin kwaɗon da ba ya yankuwa idan kan kusoshin da ke riƙe maratayinsa suna waje, ana kwance su da sukundireba? A yi amfani da kusoshi masu santsin kai waɗanda ke ratsa ƙofa su fita ta ciki, a sa musu faffaɗan faranti da noti daga can. In ƙofar ƙarfe ce, a yi walda mai kyau, ba ɗigo biyu ba.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce, babu kwaɗon da zai gagari injin yankan ƙarfe mai batir har abada. Amma wannan inji yana da ƙara da tartsatsi, kuma ƙarar nan ita kake so a tilasta wa ɓarawo ya yi.

Ƙofa mai ganye biyu da mai naɗewa fa?

A mai ganye biyu, raunin yana tsakiya da kuma gefe. Ganye ɗaya ya samu sakata sama da ƙasa daga ciki, ta ƙasan ta shiga ramin da aka yi wa bututun ƙarfe a cikin siminti. In hinjin yana waje, a tabbata ba a iya zare sandarsa, ko kuma a sa 'yan turakun ƙarfe a gefen ƙofa waɗanda ke shigewa firam idan an rufe, ta yadda ko an yanke hinji ganyen ba zai fita ba.

Mai naɗewa kuwa daga ƙasa ake kai mata hari, a cusa sandar ƙarfe a ɗaga. Kulle biyu a gefe da gefe, masu shiga cikin layin, sun fi ɗaya a tsakiya. Akwai kuma kullen da ake kafawa a daɓe ya kama gindin ƙofa. Ita ma mai falle ɗaya kusurwoyinta biyu na ƙasa ne ke buƙatar sakata.

Zan iya sa sakata a ƙofar da ke da inji?

Za ka iya, kuma ita ce kariyar da ta fi kowace ƙarfi, don ko an ja igiya ko an samu lamba ƙofar ba za ta motsa ba. Haɗarin shi ne mantuwa. Idan wani ya danna rimot alhali sakata na ciki, injin zai ja da ƙarfinsa, ya lanƙwasa faifan sama ko ya cinye haƙoransa. Ƙa'idar ita ce, duk ranar da ka sa sakata ka zare injin daga soket. Akwai injunan zamani masu zuwa da tasu sakatar ta lantarki wadda ke shiga da fita da kanta. Wanda ke da hali, wannan ta raba shi da mantuwa.

Zan yi doguwar tafiya. Me zan ƙara?

Zare injin daga wuta, sa sakata, ka sa mata kwaɗo daga ciki. In babu sakata, ka zura kwaɗo a ɗaya daga ramukan layin ƙarfe, daidai saman ɗaya daga cikin tayoyin ƙofa. Wasu allunan sarrafa inji da ke jikin bango suna da maɓallin da ke hana duk wani rimot aiki, a danna shi. Sannan ka fita ta ƙofar gida.

Ƙofar da ke tsakanin gareji da cikin gida, ita ma sai an kulle?

Ita ce ma ta fi cancanta. Mutane da yawa suna ɗaukarta kamar ƙofar ɗaki, su sa mata ganye mai rami a ciki da kulle na wasa, wasu ko rufewa ba sa yi. Ka ɗauke ta a matsayin ƙofar waje. Ganyenta ya zama cikakken katako ko ƙarfe, kullenta ya kasance mai harshen da ke shiga firam aƙalla santimita 2.5, farantin da ke karɓar harshen kuma a ɗaure shi da kusoshi masu tsawon kamar santimita 7.5 don su wuce firam su kama abin da ke bayansa. Yawanci idan aka doki ƙofa da ƙafa ba kullen ke karyewa ba, katakon firam ne ke tsagewa. Irin wannan ƙofa mai kauri tana da wani amfanin kuma, tana jinkirta wuta da hayaƙi idan gobara ta tashi a gareji.

Haka ƙaramar ƙofar gefe, in akwai. Sau da yawa ita ce a lungu inda ba mai gani.

Tagogi fa?

A rufe ganinsu. Ledar da ake mannawa gilashi ta sa shi dishi-dishi tana barin haske ya shiga, tana hana a ga ko mota na nan da abin da aka ajiye. Tagar da mutum zai iya shiga ta cikinta a sa mata ƙarfe.

Fitila, kyamara da ƙararrawa, wanne zan fara saya?

Bayan an gyara kulle, ba kafin nan ba. Kyamara ba ta riƙe ƙofa, shaida take bayarwa. Fitila mai kunna kanta idan ta ji motsi ita ce mafi arha, kuma tana aiki, a kafa ta sama inda hannu ba ya kaiwa. Daga ita sai 'yar na'urar da ake mannawa a jikin ƙofa, mai sanar da kai idan an ɗaga. In gidan yana da ƙararrawa, ka tabbata an haɗa da gareji, don sau da yawa ana tsallake shi wajen kafawa. Kyamara kuma a saita ta yadda za ta kama fuska, ba tsakar kai ba.

Injin da ake sarrafawa da wayar hannu yana da aminci?

Yana magance babbar matsala guda, wato barin ƙofa a buɗe da mantuwa. Zai aiko maka saƙo, ka rufe daga duk inda kake, wasu ma suna rufe kansu bayan 'yan mintuna. Amma ƙofarka ta hau intanet ke nan. A 2023 hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta fitar da gargaɗi kan wasu na'urorin buɗe gareji da aka gano ana iya sarrafa su daga nesa saboda sakacin da aka yi wajen ƙera su. Ka zaɓi kamfanin da ke sabunta manhajarsa, ka sa kalmar sirri da ba ka amfani da ita a ko'ina, ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wato neman ƙarin shaida bayan kalmar sirri, kuma ka cire duk wanda ka taɓa ba izini idan buƙatarsa ta ƙare.

Ina barin ƙofa a ɗan ɗage don iska ta shiga. Akwai laifi?

Akwai. Kafar da ta kai taƙi ɗaya ta isa a zura hannu ko ƙarfe, in ta ƙaru kaɗan siririn mutum ya shige. In zafi ne ko wari, a yi wa bango mashigar iska mai raga. In kuma don hayaƙin mota ko janareta ne kake ɗagawa, to wannan kafa ba ta isa ta cece ka ba. Iskar kabon monoksaid ba ta da launi ba ta da wari, tana taruwa a gareji ko da ƙofa a buɗe, tana kuma ratsawa cikin gida. Janareta a fili ake kunna shi, nesa da ƙofa da taga.

Wane aiki zan yi da kaina, wanne zan kira mai gyara?

Garkuwar igiya, sakata, kwaɗo, ledar gilashi, goge rimot, ɗaure kusoshin da suka saki, duk mai ɗan sanin kayan aiki zai iya. Abin da ba na so ka taɓa shi ne sifirin da wayoyin ƙarfen da ke ɗaukar nauyin ƙofa, da ƙarafan kusurwar ƙasa inda wayoyin suke ɗaure. Babbar ƙofa tana iya haura kilo 100, kuma duk wannan nauyi a murɗe yake cikin sifirin ɗin. In ya kuɓuce yana karya hannu, yana iya kisa. Idan ƙofa ta fara nauyi, ko tana karkacewa, ko ba ta zama daidai a ƙasa, a kira wanda sana'arsa ke nan, domin ƙofar da ba ta rufuwa daidai ba ta kulluwa daidai.

Na dawo na tarar an riga an fasa. Me zan fara yi?

Kada ka shiga, mai yiwuwa yana ciki. Ka ja da baya, ka kira 'yan sanda, kada ka taɓa ƙofa ko kayan da aka watsar har su zo. Bayan nan ka ɗauki hotuna, ka rubuta abin da ya ɓace, in kana da inshora ka sanar da su da wuri. Ka ƙirga rimot da makullai, ko ɗaya ya ɓace a goge lambobi a canza kulle a ranar. Ka gano ta inda aka shiga ka toshe ta da abin da ya fi na da ƙarfi, domin wanda ya shiga sau ɗaya ya san hanya, ya kuma san za ka sayi sababbin kaya ka maye gurbin waɗanda ya kwashe.